Me ya sa ake cire mai jifa yana tsaka da ƙoƙari?

Ɗanjuma:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni daɗewa suna bin gasar besbol ta MLB, wato babbar gasar Amurka, domin abin ya kai ni maƙura. A kakar bana ƙungiyar da nake goyon baya ta zubar da wasanni da dama waɗanda ta riga ta riƙe a hannu, kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi. Mai jifan farko zai yi zango biyar ko shida daga cikin zango tara na wasa lafiya ƙalau, abokan hamayya sun kasa gane kansa, sai kawai a ga manaja ya fito daga benci ya nufi tudun jifa, ya miƙa hannu ya karɓi ƙwallo, ya yi nuni zuwa bulfen inda 'yan canji suke ɗumama jiki. Wanda aka kira zai ba mai bugu na farko tasha kyauta (tashoshi su ne wuraren da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki), na biyu ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, kafin ka ankara an farke, an kuma wuce gaba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sau da yawa a zango na bakwai ake yin wannan ɓarna, alhali gwanin 'yan canjin yana zaune da rigar sanyi a kafaɗa, an ajiye shi sai zango na tara, wanda kuma ba za a kai shi da rinjaye ba.

Ba ƙungiyata kaɗai ba ce. A wasa na shida na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, a 2020, Blake Snell na Tampa Bay Rays ya riƙe Dodgers tamau, ya fitar da mutum 9 da sitiraik, wato sun kasa buga ƙwallonsa, sau biyu kacal aka buga masa ƙwallon da ta kai mutum tasha, jifansa 73 ne kawai, kuma Rays suna gaba da ci 1 da nema. Da Austin Barnes na Dodgers ya samu tasha a zango na shida, sai manajan Rays Kevin Cash ya cire Snell ya sa Nick Anderson. Nan take Dodgers suka ci biyu, suka ƙare wasan da ci 3 da 1, suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1988.

Tambayata biyu ce. Wane dalili ne ke sa manaja ya cire mutumin da kowa ke gani da idonsa yana ƙoƙari? Sannan me ya sa ake ajiye mafi ƙwarewa a bulfen har sai zango na tara, ko da wuta ta kama tun na bakwai?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa Ɗanjuma. Zan ɗauki tambayarka ta farko, kuma zan kare manajoji, ko da yake na san hakan ba zai yi wa mutane da yawa daɗi ba.

Masu bugu tara ne a layi, suna zagayowa ɗaya bayan ɗaya. Abin da alƙaluman shekaru masu yawa suka nuna shi ne, duk lokacin da layin ya zagayo kan mai jifa ɗaya, masu bugun suna ƙara samun galaba a kansa, kuma a zagaye na uku ne abin ya fi fitowa fili. Dalilan sun haɗu ne wuri guda. Mai bugu ya riga ya ga saurin ƙwallon mutumin da inda take lanƙwasa, ya ga daga inda hannunsa ke sakinta, ya kuma gane abin da yake jefawa idan ya matsu. Shi kuwa mai jifan hannunsa ya fara nauyi. Bugu da ƙari, zagaye na uku yana farawa ne daga saman layi, inda kowace ƙungiya ke jera gwanayenta. Wahalar ita ce, yadda mutum ya yi a zango biyar na farko ba ya faɗa maka yadda zai yi a na shida gwargwadon yadda ido ke zato. Snell ɗin da ka ambata shi ne shaida. A wasa na biyu na wannan World Series ɗin, har aka shiga zango na biyar babu wanda ya buga masa ƙwallon da ta kai shi tasha, amma bai iya ƙarasa zangon ba, domin Chris Taylor ya tsallakar masa da ƙwallo katanga aka ci biyu, sai da aka cire shi. A duk kakar 2020 ma bai taɓa kammala zango shida ba. Saboda haka Cash bai ƙirƙiro wani sabon abu a daren nan ba, tsarin da ya kawo su har wasan ƙarshe ya bi.

Ina kuma so mu tuna da ɗaya gefen, domin magoya baya suna saurin mantawa da shi. A 2003, a wasa na bakwai na zagayen kusa da ƙarshe tsakanin Boston Red Sox da New York Yankees, Boston na gaba da ci 5 da 2 a zango na takwas, kuma mai jifansu Pedro Martínez, wanda a zamaninsa da wuya a nuna wanda ya fi shi, ya riga ya kai wajen jifa 100. Derek Jeter na Yankees ya buga, Bernie Williams ya buga, manajan Boston Grady Little ya taka har tudu ya yi magana da shi, ya juyo ya bar shi. Hideki Matsui da Jorge Posada suka ƙarasa aikin, wasa ya koma 5 da 5, Aaron Boone ya kashe shi a zango na 11. Bayan 'yan kwanaki Little ya rasa aikinsa. A World Series na 2015 kuma manaja Terry Collins na Mets ya yi niyyar cire Matt Harvey bayan zango takwas, Harvey ya roƙe shi, 'yan kallo suka yi ta kiran sunansa, sai ya bar shi ya fita zango na tara da ci 2 da nema. Kansas City Royals suka farke, suka ɗauki kofin a zango na 12. Waɗanda suka zagi Cash don ya cire, da su aka zagi Little da Collins don sun bari.

Akwai kuma batun jiki. A 2008 matsakaicin saurin miƙaƙƙiyar ƙwallo a MLB yana kusan mil 92 ne a sa'a, yanzu ya haura mil 94. Masu jifan zamanin da suna rage ƙarfi a kan raunanan masu bugu don su adana hannu, na yanzu kuwa an koya musu su zuba iya ƙarfinsu a kowace jifa, kuma jijiyar gwiwar hannu ce ke biyan kuɗin. Tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ta zama ruwan dare, kuma wanda aka yi wa yakan yi fiye da shekara bai dawo fili ba. Sandy Alcántara ya jefa wasa 6 daga farko har ƙarshe a 2022, ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, amma a ƙarshen 2023 aka yi masa wannan tiyata, bai buga ko wasa ɗaya ba a 2024. Ba na cewa yawan zangon ne kaɗai ya jawo masa, amma ƙungiyar da ta zuba miliyoyin daloli a hannun mutum guda tana kallon irin wannan, kuma manaja ya san tana kallo.

Baba Ilu:

Malam Habu, na karanta bayaninka, kuma yawancinsa na yarda da shi. Inda muka rabu shi ne, ka tsaya kan wanda aka cire, ba ka ce komai ba a kan wanda aka sa. Lissafin zagaye na uku yana da amfani ne idan wanda zai shigo ya fi wanda zai fita a wannan daren, ba a takardar watan Agusta ba. Nick Anderson ya yi fice a kakar 2020, babu musu, amma da aka shiga wasannin Oktoba na neman kofi an yi ta kiransa har ya gaji, kuma kafin wannan daren an ci maki a kansa a wasa shida a jere. Mutum uku da ke saman layin Dodgers kuwa, wato Mookie Betts da Corey Seager da Justin Turner, kowannensu Snell ya fitar da shi sau biyu da sitiraik. Su ma waɗannan ai alƙaluma ne. Manajan da ya ɗauki lissafi ɗaya ya rufe ido ga sauran bai bi ilimi ba, ya bi abin da aka tsara tun da rana ne. Amma don adalci, ƙungiyar da ta ci maki ɗaya tak a zango tara, shi ma na Randy Arozarena a zangon farko, ba ta da bakin ɗora wa bulfen laifin duka.

Tambayar Ɗanjuma ta biyu ita ce ta fi ci mini rai, kuma a nan ba na kare kowa. Asalin abin wani ɗan jarida ne a Chicago, Jerome Holtzman, ya fito da hanyar ƙirga wasannin da ɗan canji ya rufe da nasara, aka shigar da ita cikin alƙaluman hukuma a 1969. Sharaɗin da aka fi sani shi ne mutum ya shigo ƙungiyarsa na gaba da maki uku ko ƙasa da haka, ya jefa aƙalla zango ɗaya, ya ƙarasa wasan. Sai manaja Tony La Russa ya zo a ƙarshen shekarun 1980 ya mayar da Dennis Eckersley mai zango na tara kusan zalla a Oakland, abin ya yi kyau, kowa ya kwaikwaya. Mariano Rivera ya rufe wasa 652 ga Yankees, ya ƙara wa al'adar daraja. Daga nan ƙidayar ta koma ita ke juya manaja. Ana biyan ɗan canji kuɗi mai tsoka gwargwadon wasannin da ya rufe, don haka shi da wakilinsa ba sa son a taɓa masa zangonsa, manaja kuma ya san idan ya bi al'ada aka sha kashi, ɗan wasa za a zaga, idan ya saɓa aka sha kashi, shi za a zaga.

Ga inda abin ya kai. A 2016 Zach Britton na Baltimore Orioles ya samu damar rufe wasa 47, ya rufe duka 47, kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa a zango tara 0.54 ne. Aka zo wasan sili ɗaya ƙwale a Toronto, ana kunnen doki 2 da 2 har zango na 11. Manajan Orioles Buck Showalter ya yi ta jira ƙungiyarsa ta shiga gaba kafin ya kira Britton, ya sa Ubaldo Jiménez, Edwin Encarnación ya tsallakar da ƙwallo katanga da mutum biyu a tasha, kaka ta ƙare. Britton bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba. A wannan Oktoban dai Terry Francona na Cleveland ya riƙa kiran Andrew Miller tun zango na biyar ko na shida, duk inda hatsari ya fi yawa, har ya kai ƙungiyarsa wasa na bakwai na World Series. Wanda zai fuskanci manyan masu bugu da mutum biyu a tasha a zango na bakwai ya fi buƙatar ƙwarewa a kan wanda zai fara zango na tara da rata ta maki uku a kan ƙarshen layi, kuma babu manajan da bai san haka ba.

Hajiya Talatu:

Baba, kun yi gaskiya a kan Britton, kuma ban taɓa jin hujjar da ta wanke Showalter ba. Sai dai ina so in ja hankali kan abin da Francona ya yi, domin ana yawan kawo shi misali kamar za a iya yin haka kullum. A Oktoba akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, kuma babu gobe da za a tanadar wa kowa. Kaka kuwa wasa 162 ce, kusan kullum ana fili, wani lokaci mako biyu babu hutu. Ƙa'ida ta kayyade masu jifa 13 cikin 'yan wasa 26, biyar daga cikinsu masu farawa ne, saura takwas a bulfen. Idan masu farawa suna tsayawa a zango biyar, waɗannan takwas ɗin ne za su ɗauki zango huɗu kowane dare, wata shida cur.

Mai kallo a talabijin yana ganin jifan da aka yi a tudu ne kawai. Ba ya ganin wanda aka tayar ya ɗumama jiki a zango na shida, aka ce ya zauna, aka sake tayar da shi a na takwas, aka sake cewa ya zauna, alhali hannunsa ya yi aikin dare guda ba tare da sunansa ya shiga takarda ba. Kafin a fara wasa, kocin masu jifa yakan ba manaja jerin waɗanda za a iya kira da waɗanda ba za a taɓa ba, saboda wani ya jefa kwana biyu a jere, wani kafaɗarsa na masa tsami, kuma ba za a sanar da wannan ba don kada abokan hamayya su ji. Don haka, Ɗanjuma, gwanin da ka gani da rigar sanyi a kafaɗa, mai yiwuwa ba ajiye shi aka yi ba, ba ya cikin lissafin daren ne tun farko.

Abin da ke faruwa idan aka ƙi hutar da mutum shi ma mun gani a 2016 ɗin. Joe Maddon na Chicago Cubs ya sa Aroldis Chapman ya fitar da mutum takwas a wasa na biyar na World Series da Cleveland, ya sake kiransa a wasa na shida alhali suna gaba da ci 7 da 2, washegari kuma a wasa na bakwai Rajai Davis ya tsallakar masa da ƙwallo katanga a zango na takwas, wasa ya koma 6 da 6. Cubs sun ci 8 da 7 a zango na goma, sun ɗauki kofin farko tun 1908, shi ya sa maganar ta mutu. Da sun faɗi, da har yau ana kiran sunan Maddon tare da na Little.

Sauye-sauyen ƙa'ida ma sun ɗaure hannun manaja. Tun 2020 duk wanda aka sa dole ya fuskanci mai bugu uku ko ya ƙarasa zangon, don haka an daina kiran bahago don ya fitar da bahago ɗaya ya koma, kuma idan aka sa mutum aka ga ba ya kan hanya, sai an jure masa. Tun 2023 kuma akwai agogo, daƙiƙa 15 tsakanin jifa da jifa idan babu kowa a tasha, wanda ya rage wa mai gajiya lokacin numfasawa. Ni a ganina yawancin fushin da muke sauke wa manaja, mahukuntan ƙungiya ya kamata ya tarar. Su ne ke haɗa bulfen a lokacin hutun kaka, kuma ƙungiyar da ta sayi amintattu biyu ta cike sauran gurabe da masu kai-komo tsakanin babbar gasa da ƙananan rukunoni ta riga ta zaɓar wa manajanta yadda zango na bakwai zai kasance. Ɗan canji yana jefa zango 60 zuwa 70 ne a shekara, adadin da ya yi kaɗan a gane gaskiyar mutum da shi, shi ya sa gwanin bara ke zama abin tsoron bana.

Ɗanjuma:

Na gode, Malam Habu, da Baba, da Hajiya. Maganar jerin waɗanda ba za a taɓa ba ta shige ni sosai. Amma ga abin da ya rage mini. A 2025 Yoshinobu Yamamoto na Dodgers ya jefa wasa biyu a jere daga farko har ƙarshe a Oktoba, ɗaya da Milwaukee, ɗaya da Toronto, sannan ya fara wasa na shida na World Series, washegari ya shigo a matsayin ɗan canji ya rufe wasa na bakwai. Idan zagaye na uku hatsari ne haka, kuma hannu ba ya jurewa, yaya aka yi shi ya iya, kuma me ya sa manajan Dodgers Dave Roberts ya bar shi?

Malam Habu:

Ɗanjuma, Roberts ya bar shi ne saboda dalilin da Baba Ilu ya kawo, wato ya dubi wanda zai shigo. Bulfen ɗin Dodgers ya yi rauni a ƙarshen kakar 2025, har sai da suka mayar da Roki Sasaki, wanda mai farawa ne, ya riƙa rufe musu wasa. Kwana ɗaya kafin Yamamoto ya jefa wa Milwaukee zango tara, Snell ɗin nan dai, wanda ya koma Dodgers, ya yi zango takwas ba a ci shi ba, aka cire shi, sai bulfen ya ba da maki ɗaya, ya cika tashoshi uku da mutane, da ƙyar aka tsira da ci 2 da 1. Manajan da ya ga haka ba ya buƙatar kwamfuta ta gaya masa cewa gajiyayyen Yamamoto ya fi hutaccen ɗan canjinsa. Roberts ɗin ne kuma ya cire Clayton Kershaw a Afrilun 2022 bayan zango bakwai da jifa 80, alhali babu mutum ɗaya na Minnesota da ya taka tasha, saboda farkon kaka ne kuma Kershaw bai daɗe da dawowa daga ciwon hannu ba. Mutum ɗaya ne, wata ne ya bambanta, bulfen ma ya bambanta.

Yamamoto kuma yana da abin da yawancin masu jifan yanzu ba su da shi. Yana da nau'o'in jifa da yawa, don haka abin da ya nuna wa mai bugu a zagaye na uku ba shi ne na zagayen farko ba, kuma ba ya ɓarnar ƙwallo, yana fitar da mutane da jifa kaɗan. Ya taso ne a gasar Japan, inda mai farawa ke jefa wasa ɗaya a mako, ana kuma sa ran ya yi nisa a cikinsa, kuma Dodgers sun riƙa ba shi hutun da ya fi na kwana huɗun da aka saba a Amurka. Shigowar da ya yi a wasa na bakwai ba tare da hutun ko kwana ɗaya ba caca ce da hannun da aka yi wa kwantiragin dala miliyan 325, kuma an yi ta ne don babu wasa na takwas. Babu ƙungiyar da za ta yarda a yi haka a watan Yuni.